Kwalbar da Ban Buɗe Ba

Da sunan Allah. Wagga takarda da hannun Malama Kulu anka rubuta ta, wadda ta koya miki baƙi da wasali a furamare, amma maganar tawa ce, ni Tumba uwarki. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta zuba man shanu a kai. In kin ga inda magana ta yi laushi, ita ta sa hannu.

Luba, ina gaishe ki. Ina fata kin sauka Sakkwato lafiya, kin samu ɗaki mai ƙofa da makulli. Allah shi tsare ki daga sharrin hanya, da na mutanen da ba ki sani ba, da na waɗanda kinka sani. Gaisuwa ta tsaya nan, don bakina ba shi buɗuwa sosai, ta tsakanin haƙora nike magana.

Muna zaune bisa bencin asibitin garinmu, muna jiran likita shi gama da wani da babur ya kayar. Muƙamuƙina na hagu ya kumbura, kumburin ya gangaro ƙarƙashin haɓa. Haƙorin nan ne na can ƙurya, wanda ya ruɓe tun bara. Tun kina gida ya soma, na naɗe fuska da mayafi na ce miki sanyi ne. Jiya da hantsi na ji wari cikin bakina, kuma na san shi. Warin babanki ne na kwanakinshi na ƙarshe. Likita ya duba da safe, ya sa anka yi mani allura, ya ce yau za shi tsaga shi fidda mugunyar. In kuma harshe ya soma ɗagowa sama, sai mota zuwa Birnin Kebbi. Bai yi mani dariya ba, ni ma ban yi mashi ba.

Kada ki taho. Na faɗa da wuri don kada ki karanta rabi ki ɗauki jaka. Ba ki daɗe da kama aikin ba, kuma hannu wofi kinka isa wurin malaminki saboda ni. In kinka sake bari kinka taho, wani za a ba gurbin, ga masu jira nan awa ƙudaje bisa kifi. Yayanki na nan, Malama Kulu na nan. Ke kuma ba ki iya tsaga wuya ba, abin da kinka iya shina cikin ƙunshin da direba za shi miƙa miki tare da wagga takarda. Kwalba ce guda, a rufe.

Bari in soma da kwalabe, tunda a kansu munka rabu ba sallamar kirki.

Kin yi makonni kina zarya wurin likitan nan, duk wanda ya taho da kumburin baki a zuƙo mugunya da allura a zuba miki cikin 'yan kwalaben nan masu abu awa kamu a gindi, ki aika Sakkwato. Na ƙarshe da kinka tara, waɗanda za ki tafi da su da kanki, kinka aje su ɗakina cikin akwati, kinka tafi yi wa gwaggonki ta Zagga bankwana. Kin ce kada a taɓa. Na ji. Amma ba ki ce don mi ba. Rana ta yi zafi, ɗakin kwano ne. Ni kuma tun ina ɗiya ƙarama abin da anka koya mani guda ne: abin da ka rufe cikin zafi, ka kashe shi. Kifi banda in ka ƙulle shi cikin leda ya yi tsutsa. Shinkafa in ba ta sha iska ba ta yi fumfuna. Albasar babanki kullum a shanye take ƙarƙashin rumfa. Sai na ce wagga yarinya karatu ya shige mata kai, ba ta san ajiya ba. Na ɗauko faifai, na jera su, na kwance murfin kowace, na kai inuwar darbejiya su sha iska. Har kaji na zauna ina kora miki.

Da kinka dawo ba ki yi ihu ba. Gwamma da kin yi. Kinka tsaya kina kallon faifan, kinka ce, "Inna, kin kashe su duka." Na ce ashe na yi aikin lada, ba cuta ba ce? Kinka ja ni bakin randa kinka wanke mani hannu da sabulu awa jinjira, sannan kinka yi mani bayanin da ya kamata ki yi tun farko. Cewa waɗanga ƙwayoyin ba su son iska, iska ce ajalinsu. Can cikin ruɓaɓɓen haƙori da ƙarƙashin dasashi suke zama, inda iska ba ta kai. Kuma matacce ba shi tsirowa, wanda bai tsiro ba kuwa ba a sanin ko wane ne. Da safe kinka tafi, furar da na dama miki tana nan inda na aje.

To ga nasiha ta farko, kuma rabinta laifinki ne. In kin ce wa jahili kada shi taɓa, ki gaya mashi dalili. Ba mu da boko, amma muna da hannu, kuma hannun da bai san dalili ba taimako shike kaiwa. Can wurin aikinki akwai masu shara, akwai direbobi, akwai masu kawo saƙo. Kada ki ce masu "bari" ki wuce. Ki tsaya ki ce, wanga abu iska ke kashe shi. Ba za shi ci miki lokacin da shan ruwa ke ci ba.

Na riƙe sauran bayanin, kada ki ɗauka kunnena na ado ne. Kin ce kuna shuka su bisa faranti mai jinin tunkiya, ku sa cikin tukunya ku rufe, ku janye iskar ciki, ku jira kwanaki. Kin ce ba su zuwa ɗai-ɗai, ƙungiya suke yi awa 'yan fasa-ƙwauri, wani na buɗe wa wani hanya. Sai an raba su, kowa da farantinshi. Wasu in sun tsiro su yi baƙi ƙirin. Kuna zuba masu rini, wasu su kama shuni su riƙe, wasu su sake shi su koma ja. A madubi wasu ƙwaya-ƙwaya awa gero, wasu sanda-sanda, wasu tsini gaba tsini baya awa mazarin kaɗi. Sannan a bi su da gwaji bayan gwaji har a san gidansu da danginsu da sunansu. Na tambaye ki mi za a yi da sunan, tunda ba zanen suna za a yi ba. Kinka ce maganin da ke kashe wani ba shi kashe wani, kuma likitocin nan na son su san waɗanne ke yawo bakin mutanenmu. Malama Kulu ta ce na faɗa daidai. Ita ma mi ta sani, baƙi da wasali ta koyar.

Yanzu babanki. Kina aji uku lokacin, an aika ki Zagga don kada ki gani, kuma ban taɓa ba ki labarin a jere ba.

Ya dawo daga ƙetare da ciwon haƙori. Sun kai albasa shi da abokin cinikinshi Alfa Gado, Badenden nan na can gefen ƙasar Binin, wanda ke kawo maku alewa, kuna ce mashi Baba Alfa. A kasuwar Tsamiya wani mai awartaki ya cire mashi haƙorin, ya karye, rabi ya fita rabi ya zauna. Ya shigo gida da rami a baki. Mi na yi? Na ce kada iska ta shiga, iska ke sa ciwo shi yi tsami. Haka kakata ta ce, haka kowa ke cewa. Na daka kanumfari da kanwa da garin taba, na kwaɓa da man shanu, na cusa cikin ramin, na danne da auduga. Na naɗe mashi muƙamuƙi da rawani tamau. Na rufe taga, na sa garwashi a ɗaki. Kumburi ya taso, ya yi ido shina neman hanyar fita, na gasa tsumma na danna shi ya koma ciki. Da ya ce a kai shi asibiti, na ce a bari a ga gobe, ranar kasuwa ce, ba a bar kaya ba mai tsaro.

Goben nan wuyanshi ya yi tauri awa itace. Harshe ya cika baki. Ba shi iya kwanciya, a zaune shike jan numfashi, yawu na zuba. Warin ya kori har ƙannenshi daga ɗakin. Munka sa shi a mota, ba mu kai rabin hanyar Birnin Kebbi ba ya cika, kanshi bisa cinyata.

Ranar da kike wanke mani hannu bakin randa, kina cewa iska ce ajalinsu, ke kwalabenki kike wa kuka. Ni kuma ɗakin nan na gani, da tagar da na rufe. Ashe gida na gina masu, har da garwashi. Ajali na Allah ne, na sani, kada Malama Kulu ta tsaya tana yi mani wa'azi, rubuta. Amma audugar ni na cusa. Shi ya sa ban ce miki komai ba da kinka tafi, ba fushi ba ne.

Nasihar da ke nan gajera ce. Abin da ya yi aiki a rumbu ba dole shi yi aiki a jikin mutum ba, kuma tsufa ba shi sa ƙarya ta zama gaskiya. In babba ya ce miki haka ake yi tun kaka da kakanni, ko da farar riga gare shi, ki rusuna ki gaishe shi, sannan ki je ki duba. Kuma duk wanda ya taho miki da kumburin da ya sauka wuya, kada ki bari a ce mashi gobe. Ko ranar kasuwa ce, ko ranar ɗaurin aurenki ce.

Nasiha ta uku ita ce mai nauyi, kuma shi ya sa na aiko kwalbar.

Da anka yi jana'iza, mutane sunka cika gida, kowa na tambaya mi ya same shi. Mutum lafiya lau, kwana kaɗan ya tafi da wuya awa na bijimi. Wasu sunka ce daji ne, wasu sunka ce iska. Wata tsohuwa ta ce wanga ba ciwon Allah da Annabi ba ne, hannu ne, a bincika wa ya ba shi abu ya ci. Sai na tuna babanki ya ce Alfa Gado ya ba shi goro bisa hanya, goron nan ya tauna haƙorin ya soma. Ban tambayi kowa ba. Ban kwana a kai ba. Ranar addu'ar uku Alfa ya ƙetaro da matarshi Zalika, da buhun shinkafa bisa amalanke. Na fito da takaba a jikina, gaban maza, gaban liman, na ce mashi, "Ka ci abokinka don albasa, ka taho ka ga ko ya mutu da kyau?"

Ya cire hula, ya mayar. Ya sa anka sauke buhun bakin zaure, ya juya. Zalika ce ta tsaya ta ce mani da Hausarta ta Dendawa, "Tumba, ni na yi miki wankan jegon Luba." Sannan ta bi mijinta.

Maganar ta ƙetare iyaka kafin su kai gida. Kin san bakin iyaka, kaya kan tsaya shingen kwastan, magana ba ta tsayawa. Mutanenmu sunka daina ba shi amanar kaya. Daga Lolo har Kamba in ya miƙa goro sai a ce an gode, ana azumi. Ya bar fatauci ya koma gona. Na ji yanzu idonshi ya tafi, jikoki ke jan shi masallaci. Shinkafar kuwa mun ci. Takaba ce, ba mai fita nema, ga ku da yunwa. Ke ma kin ci.

Abin da ya kashe babanki ba mu san sunanshi ba, ni kuma ban iya zama da abin da ba shi da suna ba, sai na ɗauki sunan mutum na manna mashi. Ke yanzu sana'arki ke nan, sa suna. To ki ji da kyau. Kada ki rubuta sunan da idonki bai gani ba. In faranti bai nuna ba, ki ce bai nuna ba. In kina shakka tsakanin biyu, ki ce kina shakka, ki sake shukawa. Malaminki za shi matsa miki, tunda na ɓata miki lokaci, wata rana kuma za ki gaji, ki ga abu ya yi kama da na jiya, zuciya ta ce rubuta ki tafi gida. Kama da wane ba ta wane. Ni da na ga goro na ce guba, ranar ba ni da shakka ko ta ƙwayar gero.

Na san abin da za ki ce. Kin taɓa gaya mani ba mai iya sanin wanda ya kashe babanki, tunda ba a ɗebi komai daga jikinshi ba. Na yarda. Ban ce ki yi mani ƙarya ba, yanzu na gama hana ki. Amma haƙori ne, ga haƙori. Kumburin ta nan ya bi, ga shi shina bi. Warin kuma ko cikin kabari na san shi. Ni dai ba wanda ya ba ni goro, haƙorana sun daɗe da barin goro. In kin shuka abin da ke cikin wagga kwalba ya tsiro, ki gaya mani ko su wane ne, da baƙin da mai kama da mazari, duk wanda kinka samu. Ki rubuta da manyan baƙaƙe yadda Malama Kulu za ta iya karanta mani har in hardace. Ba ni zuwa wurin Alfa da "yi haƙuri" tsura. Gaban mutane na ɗora mashi kisa, gaban mutane za ni sauke, kuma in an ce to wa ya yi, in samu abin faɗi: ga irin abin da ke yin haka, ɗiyata ta gan shi da idonta, cikin bakina ta same shi.

Kwalbar, cikin sababbin da ba ki yi aiki da su ba ce. Ta gangara ƙarƙashin gado, na tsince ta ina shara bayan tafiyarki. Ban buɗe ba. Hannuna ya yi ƙaiƙayi, ban buɗe ba. Na ƙulle ta a haɓar zane na kawo wa likita. Ya ɗaga ta ya duba launin abin da ke ciki, ya ce ba ta lalace ba. Ya tambaya ina na samo, na ce ni ce uwar Luba. Ya ce, "Au, ke ce mai faifai?" Ashe har nan kin ba da labari. Na ce ni ce, shi yi aikinshi. Na gaya mashi da allura za shi zuƙo daga cikin kumburin, kada shi shafo da auduga daga baki, don kin ce baki kasuwa ne, kowa da kowa na ciki. Na ce kuma kada shi bar kumfar iska cikin allurar. Nas ɗin ta ce Inna ta zama likita. Na ce a'a, ɓarna na taɓa yi, ita ta koya mani.

Akwai abu guda da za ki sani kafin ki shuka. Shekaranjiya da ciwon ya hana ni sukuni na sayi kafso wurin yaron nan mai tallar magani a tire, ja da rawaya, na sha. Da ya lafa na bari, ya dawo da ƙarfinshi. Likita ya yi mani faɗa, ya ce da wannan da allurar da ya sa anka yi mani da safe, suna iya hana wasu tsirowa, amma ba za shi jinkirta magani don kwalba ba, kuma ba za shi jira suna kafin shi tsaga ba. Na so in ɓoye miki zancen kafson. Malama Kulu ta aje biro ta ce ba ta rubuta takardar da ke hana ƙarya da ƙarya a ciki. To kin ji. In ba su tsiro ba, laifina ne, ba na hannunki ba. Ki ce ba su tsiro ba. Ɓawon kafson na cikin ƙunshin, ki ga ko wane iri ne.

Sauran nasiha kin san ta. Ki ci abinci kafin ki shiga ɗakin gwajin, ba a ciki ba. Ki wanke hannu yadda kinka wanke mani. Ki yi salla kan lokaci. Wanda ya ce shina son ki, ki dubi yadda shike yi wa mai shara magana, ki kuma dubi haƙoranshi.

Ga nas ta leƙo, ta ce saura kaɗan. Allah shi tsare ki zaune da tafe. Allah shi ba ki ido mai gani da baki mai jira. Allah shi jiƙan babanki, shi sa ciwon da ya sha ya zame mashi kankarar zunubi. Ni kuma ki yi mani addu'a daga inda kike, tana isowa ba sai da kuɗin mota ba.

Saura wa ke bin wa, don kada a yi gardama in ban fito da baki ba.

Tukunyar dahuwar biki da ke ɗakina ta gwaggonki ce ta Zagga, aro ce, a mayar mata ko ta ce ta manta. Tunkiyar da ke wurin Bafulatanin Lafagu taki ce, ɗan da ta haifa na farko nashi ne, haka munka yi da shi, kada yayanki shi tada magana. Malama Kulu na bin ki gaisuwa ta ƙafa, ba ta waya ba, ta bar wanki a jiƙe ta biyo ni. Direba an sallame shi, na kuma gaya mashi dalili: kada shi buɗe, kada shi aje bisa gaban mota rana ta buga, kada shi kwana da ita. Na sa ya maimaita mani.

Ke kina bi na kwalabe cike da faifai. Guda na samu, ga ta nan.

Alfa Gado na bin gidanmu buhun shinkafa da sunanshi. Shinkafar na aje ta daga noman bara, tana bayan ƙofa, an ɗinke bakin, kada kowa shi taɓa. In na tashi, ni za ni kai, ranar Juma'a, in tsaya ƙofar masallacinsu lokacin da mutane ke fitowa. In ban tashi ba, yayanki shi ɗauki buhun, ke ki ɗauki sunan. Ki soma gaida Zalika, ita ta fara wanke ki a duniya. Kada ku bari sai an sauke amfanin gona, mutumin ya tsufa.

An kira ni. Kulu, naɗe takardar, miƙo mani kwalbar in riƙe da kaina.